Ciwon dasashi, ciwon zuciya da abinci

Ciwon dasashi kumburi ne da ƙwayoyin cuta ke haddasawa idan datti ya daskare a gindin haƙora. Farkonsa jini ne wajen yin asuwaki. In ya yi nisa sai ya cinye ƙashin da ke riƙe haƙoran, su fara girgiɗi. An lura masu fama da shi sun fi yawan samun toshewar jijiyoyin zuciya.

Tarihi

Zancen ya daɗe. Wajen 1900 wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya nace cewa ruɓar baki guba ce ga jiki duka. Ra'ayin ya karɓu sosai, har aka riƙa cire wa mutane haƙora, wasu ma lafiyayyu, da sunan maganin ciwon gaɓoɓi. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 an watsar da shi saboda rashin hujja. Binciken Kimmo Mattila da abokan aikinsa a Finlan, a 1989, shi ya sake tayar da maganar: sun ga waɗanda suka yi bugun zuciya bakinsu ya fi lalacewa.

Alaƙar

Ƙwayoyin cutar dasashi kan shiga jini wajen tauna ko goge baki, an kuma ga alamarsu cikin kitsen da ke toshe jijiya. Sai dai taba, ciwon suga da tsufa kowannensu na jawo cututtukan biyu. A 2012 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ce alaƙa akwai, amma ba a tabbatar ɗaya ke haifar da ɗayan ba.

Abinci

Antioksidan sinadarai ne da ke rage lahanin da kumburi ke yi wa ƙwayoyin jiki. Fitaccensu bitamin C, wanda rashinsa ke sa dasashi zubar jini; tun 1747 James Lind ya gwada lemo a kan matuƙan jirgin ruwa masu wannan larura, suka warware. Mai cefane a kasuwar Sabon Garin Zariya ba ya rasa su: gwaiba, lemo, tumatir, zogale, garin 'ya'yan kuka, zoɓo (in ba a cika masa suga ba). Ƙwayoyin antioksidan da ake sayarwa a kantin magani kuwa ba su cika alkawari ba. Manyan gwaje-gwajen bitamin E ba su nuna raguwar ciwon zuciya ba, beta-karotin (sinadarin da ke ba karas launinsa) ma ƙara haɗarin sankarar huhu ya yi ga mashaya taba, a wani gwaji na Finlan da aka fitar a 1994.

Magani

Kankare dattin haƙora a asibiti yana rage alamun kumburi a jini. Ko hakan na hana bugun zuciya, ana kan bincike.