Darussan jami'a tun a sakandare: yaya Harvard da ire-irenta ke kallonsu?

Waɗanne darussa ake nufi?

A Amurka ɗalibin sakandare na iya ɗaukar darasi mai nauyin na shekarar farko a jami'a. Wanda ya fi shahara shi ne shirin AP (Advanced Placement), da hukumar College Board ke gudanarwa tun 1955: ana jarrabawa a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5. Akwai wani shirin makamancinsa, IB (International Baccalaureate), mai tushe a Geneva, akwai kuma masu zuwa kwalejin garinsu su zauna aji da manya.

Suna taimakawa wajen samun gurbi?

Ƙwarai, amma ba tara su ake yi kamar lambar yabo ba. Masu tantancewa kan duba abin da makarantar ɗalibi ke koyarwa, sannan su tambaya: ya tunkari masu wuya ko ya kauce? Wanda makarantarsa ba ta da AP ba a ɗora masa laifi. A 2018 ma wasu makarantun kuɗi takwas na yankin Washington suka sanar za su daina AP gaba ɗaya.

A Ingila lissafin daban ne. Cambridge kan nemi ɗalibin Amurka ya kawo AP biyar, kowanne da maki 5.

To za a rage wa ɗalibi shekarun karatu?

Nan ne iyaye ke shan mamaki, musamman wanda ya saba da IJMB ta ABU Zariya, mai kai mutum aji biyu kai tsaye. Manyan jami'o'in nan suna da rowa. Dartmouth ta daina lissafa AP cikin darussan kammala digiri ga waɗanda suka shigo daga 2014. Harvard ta rufe hanyar gama digiri a shekara uku da AP ga waɗanda suka shigo daga 2020 zuwa gaba. Caltech tata jarrabawar take yi. Galibi abin da ake samu shi ne a tsallake darasin share fage a shiga na gaba.

Hujjarsu ita ce ajin sakandare bai kai zurfin nasu ba. Akwai gaskiya a ciki, ko da yake ba a rasa masu cewa kuɗin shekara huɗu ya fi na uku daɗi.

Ina aka fi karɓar su?

Jami'o'in jihohi. A Texas dokar 2015 ta sa jami'o'in gwamnati su karɓi maki 3 a AP, sai in sun nuna dalilin neman fiye da haka.