Koyon Kiɗa da Waƙa a Jos

Koyon kiɗa a Jos, babban birnin Jihar Filato, ya girmi aji mai allo da benci. Tun da daɗewa wurare biyu ne ke yaye makaɗa a garin: gidan maigida, wato babban makaɗin da yara ke koyo a wurinsa, da kwayar coci.

A gidan maigida, yaro kan fara da ɗaukar kaya da yin amshi, kunnensa na sha tun kafin a bari ya taɓa ganga. Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, ɗa ne ga wani makaɗi. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Kuntigi mai tsirkiya ɗaya, gwangwani ne kawai aka rufe da fata, ya ishe shi waƙe karen mota da zaman aure, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa.

Kwaya kuwa da 'yan mishan ta zo. Cocin ECWA da COCIN, masu hedkwata a Jos, sun gaji waƙoƙin sujada da aka mayar Hausa, domin ita ce ke haɗa Birom da Angas da Afizere da Anaguta a benci ɗaya. Da yamma malamin kwaya kan raba mutane murya huɗu, ya bi da su do-re-mi layi-layi har waƙar ta zauna, sannan a ɗora kalmomi. Ba kuɗin makaranta, ba takardar shaida, amma yaron da ya shekara biyar a nan ya san tashin murya da saukarta, galibi kuma hannunsa ya faɗa kan jita ko piyano. Ba a cika ba Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, haƙƙinta ba a wannan tarihi, alhali su ne suka riƙe tulu da caki a cikin coci, da salon bayarwa da amshi irin na gida, suna kuma tsara waƙoƙinsu da kansu.

Daga baya aka samu koyarwa mai manhaja. Mawaƙin bishara Panam Percy Paul ya kafa kwalejin kiɗa a Jos, ɗakunan ɗaukar sauti ma suka zama wurin koyon sana'a. Mawaƙan zamani irin su M.I da Ice Prince da tagwayen P-Square duk a Jos suka tashi kafin Legas ta san su.