Zanen kare da gawayi, fensir da tawada: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da samarin unguwarmu a Yelwa, cikin Bauchi, suka gan ni a ƙofar gida ina zana karen wani mafarauci maƙwabcinmu, tambaya ba ta yanke ba. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Duk dabbobin gari, me ya sa sai kare?

Don yana kwanciya. Akuya ba ta san zama ba, kaza kuwa ba a magana. Amma da rana ta take, kare zai samu gindin darbejiya ya miƙe, ya ba ka minti 20 ko motsi bai yi ba. Kuma karen farautarmu na gida siriri ne, gashinsa gajere, haƙarƙarinsa a fili, duk ƙirar jikinsa kana kallo. Irin na Turawa mai tarin gashi ɓoye maka ƙashi yake yi.

Da wanne zan fara?

Gawayi. Na kanti ana ƙona shi ne daga siraran rassan itace marasa tauri, shi ya sa yake da laushi. Idan babu, shiga madafa ka tsinci guntu mara nauyi, wanda da ka goga a bayan hannu zai bar baƙi nan take. Mai ƙyalli da tauri yaga takarda yake yi. Kwanta da gawayin ta gefe ka shafa duhun jikin karen gaba ɗaya, ka murza da yatsa, sannan ka ɗauki kilina ka ciro haske a doron hanci da kafaɗa da kan haƙarƙari. Ido da farce sai a ƙarshe. Ni takardar buhun siminti nake so, domin launinta ya yi kusa da na jan kare, rabin aikin ta riga ta yi maka.

Mene ne H da B da ake rubutawa a jikin fensir?

Bakin fensir garin girafait ne, wani baƙin ma'adini mai laushi, aka kwaɓa da yumɓu aka gasa, dabarar da Bafaranshe Conté ya fito da ita a 1795. Yawan yumɓu ke sa tauri, shi ne H. Ƙarancinsa ke ba da laushi da baƙi, shi ne B. HB na 'yan makaranta ya isa zayyanar farko, 2B na gashi, 6B na hanci da ƙwayar ido. Ka bar ɗigon farar takarda a cikin idon, in ba haka ba kare zai fito kamar gawa.

Me ya sa ƙafar baya ke lalace mini?

Nan kowa ke faɗuwa, ni ma na daɗe ina zana kare da ƙafar tebur. Kare a kan yatsunsa yake tafiya. Wannan gaɓar da ta lanƙwasa baya, wadda kake ɗauka gwiwa ce ta juye, dunduniyarsa ce a ɗage. Gwiwar gaskiya tana sama, daf da ciki, kuma gaba take kallo kamar taka. Ka ɗaga dunduniyarka ka tsaya a kan yatsu, ka dubi ƙafarka, za ka gane. Daga nan sai ka ja layi uku masu karyewa, cinya, ƙwauri, tafin ƙafa, kafin ka ɗora nama.

Tawadar allo za ta yi?

Sarai. Baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro ne, kuma alƙalamin kara na ba da layi mai kauri da siriri a ja ɗaya, abin da biro ba ya iyawa. Sai dai ba ta goguwa a takarda, ruwa kuma na narkar da ita. Na fi amfani da ita in kare na tsaye yana haushi: layi biyar ko shida, daga wuya zuwa bindi, kafin ya juya.

Ya ake hana gawayin gogewa?

A fesa masa maganin kama zane, ko feshin gashi na mata, daga nesa kamar kamu ɗaya. Feshin gashin kan sa takarda ta yi rawaya a hankali, don haka kada ka yi wa zanen da kake ji da shi. A sa farar takarda tsakanin zane da zane, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina.