Outlaw (fi'ilin Ingilishi)

Outlaw fi'ili ne na Ingilishi da ke nufin haramta abu ta hanyar doka, yadda duk wanda ya aikata shi zai zama mai laifi. Ana furta shi kamar "autlo". Kalmomi biyu ne a haɗe: out, wato waje, da law, wato doka. Tushensa kalmar útlagi ce ta harshen tsoffin mutanen Sikandinabiya, wadda ta shiga Ingilishi tun kafin 1066.

Asali

A da can mutum ake yi wa wannan hukunci, ba aiki ba. A tsohuwar Ingila, idan aka tuhumi namiji da laifi, aka kira shi kotun gunduma har zama biyar a jere bai zo ba, sai a fitar da shi daga inuwar doka. Dukiyarsa ta fita daga hannunsa, ba shi da ikon kai ƙara, kuma laifi ne a ba shi masauki. Masana shari'a na lokacin sukan ce yana ɗauke da kan kyarkeci, domin a farkon zamanin kowa na iya kashe shi kamar dabbar dawa, ba mai tambayar jininsa. Tsananin hukuncin ya sa aka ambace shi a Magna Carta ta 1215, wato yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, inda sarki ya yi alkawarin ba za a yi wa ɗa mai 'yanci haka ba sai da hukuncin takwarorinsa ko dokar ƙasa. Ingila ta soke wannan hukunci na fitar da mutum daga inuwar doka a ƙararrakin da ba na laifi ba a 1879, na laifi kuma a 1938.

Amfaninsa a yau

Yanzu ɗabi'a ko sana'a ko ƙungiya ake yi wa, kuma mai yin kusan kullum hukuma ce: majalisa, kotu ko tsarin mulki. Da wannan fi'ili ake ba da labarin yadda Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, da yadda gyara na 13 ga tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta a 1865. Yarjejeniyar Kellogg da Briand (ministocin harkokin wajen Amurka da Faransa) ta 1928 ma da shi aka san ta, don ta nemi haramta yaƙi tsakanin ƙasashe. Siffarsa ta shuɗewa ita ce outlawed, kuma an fi ganin ta a kanun jaridu.

'Yan uwansa

Fi'ilin Ingilishi ban ya fi shi faɗi, shugaban makaranta ma yana iya amfani da shi a kan wayar hannu a aji. Prohibit na takardun hukuma ne da allunan gargaɗi. Proscribe, mai tushe a Latin, an fi jingina shi ga ƙungiyoyi, shi ne jaridun Najeriya suka yi ta bugawa lokacin da aka haramta Boko Haram a 2013 da IPOB, ƙungiyar masu fafutukar Biyafara, a 2017.

Masu fassara labarai zuwa Hausa sukan tara su duka a "haramta". Hakan na isar da saƙo, amma yana buƙatar lura, domin kunnen Bahaushe na jin ƙamshin addini a kalmar, alhali outlaw magana ce ta dokar ƙasa kawai. Inda ake tsoron ruɗani, gara a ce "doka ta hana".