Ma'anar Diyorama: Tankar Yaƙi a Kan Guntun Katako

Ranar da ƙanena ya shigo gida da kwalin 'yar tankar yaƙi ta roba, wadda ake haɗawa gunduwa-gunduwa, cewa ya yi, "Yaya, ba haɗa ta kawai zan yi in ajiye a kan tebur ba, diyorama zan yi mata." Inna da ke tankaɗe a tsakar gida ta ɗago kai ta ce, "Me za ka yi mata?" Tambayarta na kan hanya, domin kalmar tana yawo a bakin matasa masu wannan sha'awa, amma da yawa sun ɗauka sunan ita kanta tankar ce.

Diyorama ita ce ɗan ƙaramin fili da ake ginawa a kan katako, a ɗora tanka ko mota ko 'yan sojoji a kai, a kewaye su da ƙasa da duwatsu da ciyawa, yadda mai kallo zai ga kamar an yanko wani lokaci daga rayuwa an tsayar da shi cak. Tanka ita kaɗai a kan kanta ba diyorama ba ce. Sai an ga inda take da abin da ke faruwa da ita: ta maƙale a taɓo ne, ko direbanta ya fito yana shan inuwa.

Asalin kalmar daga harshen Girka ne, ma'anarta kusan "gani ta cikin abu". A birnin Faris ta fara fitowa a 1822, lokacin da wasu masu zane biyu, Louis Daguerre da Charles Bouton, suka buɗe gidan kallo na manyan zane-zane da ake haskawa ta gaba da ta baya har su riƙa sauya kama. Daga baya gidajen tarihi suka ari sunan, sannan ya gangaro hannun masu haɗa ƙananan motocin yaƙi.

Jigon abin shi ne sikeli, wato ma'aunin ƙanƙantarwa. Idan ka ga 1/35 a jikin kwali, ana nufin an rage komai sau 35. Sojan da tsawonsa ya kai santimita 175 zai koma santimita 5. Gangar jikin tanka samfurin T-72, irin wadda sojojin Najeriya ke da ita, kusan mita 7 ce, sai ta dawo wajen santimita 20, ta zauna a tafin hannu biyu. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa wannan ma'auni tun farkon shekarun 1960, da 'yar kwaikwayon wata tankar Jamus mai suna Panther da aka yi mata girman da zai ɗauki batir a cikinta. Akwai kuma 1/48 da 1/72 ga mai ƙaramin wuri.

A nan ne nake ganin mafi yawan masu farawa ke yin tuntuɓe, domin sikeli bai tsaya a kan tanka ba, har ƙasar da ta taka ya shafa. Ƙanena ya fara ɗebo yashin gini ya barbaɗa, sai tankar ta zama kamar an ajiye ta a kan tsakuwa. Lissafin a bayyane yake: ƙwayar yashi mai kaurin milimita 2, in ka ninka ta sau 35, dutse ne mai santimita 7. Dole ya kankare, ya koma bayan gida ya ɗebo busasshiyar jar ƙasa, ya dandaƙa, ya tankaɗe da tsohuwar rariya har ta yi laushi kamar garin tuwo. Ya gauraya ta da farin gam na kafintoci da ɗan ruwa, ya shafe a kan farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji, wanda ya sassaƙa ya yi tudu da kwari. Shi wannan soso ba ya shiri da gam mai saurin kamawa ko fentin fesawa, narkewa yake yi nan take.

Tun ƙasar na da danshi ya danna sarƙar tankar a ciki, ya kuma ja sawunta a baya. Abin da nauyinsa ya haura tan 40 ba ya tsayawa a saman ƙasa kamar kaza. In bai nutse kaɗan ba, ido zai ƙaryata shi. Ciyawa kuwa igiyar rama ya warware ya yayyanka, busasshiyar saiwa ta zama 'yar bishiyar ƙaya. Bishiyar kuka ba ta shiga ba, don mai tsawon mita 20 sai ta haura rabin mita a kan katakon. Ita kanta tankar ya tsufar da ita: ƙura a gindin sarƙa, ɗan tsatsa a bakin salansa, ƙujewar fenti inda takalma ke takawa.

Abin da ke damuna shi ne yawancin hotunan da yaranmu ke kwaikwayo daga intanet dusar ƙanƙara ce da rusassun gidajen Turai na Yaƙin Duniya na Biyu. Alhali mu a Bauchi muke, garin da makarantar horar da sojojin tankoki ta ƙasa take, ga duwatsu sun kewaye mu, ga jar ƙasa kyauta, ga hazon hunturu da muka fi kowa sanin launinsa. Hannun da ya ƙera motar kara da ta langa-langa yana yaro ya riga ya iya rabin aikin.

Shi dai ƙanena hanyar burji ya gina, da gefen katangar laka da tulu guda a jingine. Da ya gama ya kai wa mai gilashi ya yanka masa murfi, saboda ƙurar Disamba ta gaske in ta sauka a kan ciyawar rama, ba ta gogewa sai ta tafi da ita.