Ya ake yi Python ke buɗe windo alhali da C aka rubuta GTK?

Wai menene wannan bayindin ɗin da masu rubuta manhaja ke ta faɗa?

Tafinta ne kawai. Manyan laburaren da ke zana windo da maɓallai da akwatin rubutu a kan allo ba da Python aka yi su ba, GTK da C aka rubuta shi, daga cikin manhajar GIMP ma ya fito, Qt kuma da C++ ne, kamfanin Trolltech na ƙasar Norway ya fara fitar da shi a 1995. To kai da ka iya Python kaɗai ya za ka yi magana da su? Shi ne ake sa wani ɗan kod a tsakani, ka ce masa a ba ka maɓalli shi kuma ya isar da saƙon ciki, in mutum ya danna ya dawo maka da labari.

Tkinter fa, shi ma haka ne?

Eh mana. Tkinter tafintan Python ne ga laburaren windo mai suna Tk. Tk na John Ousterhout ne, don yarensa Tcl ya yi shi, kuma duk windon da ka buɗe da Tkinter akwai Tcl a ƙasa yana aiki kai ba ka gani. Tkinter yana zuwa tare da Python a Windows, amma a Ubuntu sai ka sauke python3-tk daban, wannan ya sha rikita masu koyo wlh.

PyQt da PySide ba abu ɗaya ba ne?

Duka biyun bayindin ne, Qt ɗaya suke kira, kod ɗin ma kusan iri ɗaya, wancan ya ce pyqtSignal wannan ya ce Signal. Inda aka rabu shi ne lasisi. PyQt na Riverbank Computing ne a Ingila, ko dai ka bi GPL ka buɗe kod ɗinka ga wanda ka ba manhajar ko kuma ka biya kuɗi, Nokia kuma da ba su daidaita da Riverbank ba sai suka fito da PySide a 2009 da lasisin LGPL wanda ba ya tilasta maka buɗe kod ɗinka. Ni dai in manhajar sayarwa za ka yi kuma ba ka son buɗe kod, PySide6 zan ce ka ɗauka.

Me ya sa hoton da na sa a Tkinter ya ɓace, ba ko saƙon kuskure?

Nan ne tafinta ke nuna halinsa. Ka ƙirƙiri PhotoImage, wato hoton, a cikin wani fanshin, ka liƙa shi a Label, wato wurin da zai fito a windo, fanshin ɗin na ƙarewa Python ya duba ya ga babu sunan da ke riƙe da hoton sai ya share shi daga ƙwaƙwalwa, shi ko bai san Tk na can yana amfani da shi ba, sai ka ga fili fayau inda hoto ya kamata ya fito. Maganin layi ɗaya ne, ka rubuta label.image = hoto. A PyQt akasin haka ake gamuwa da shi, Qt ya riga ya rushe abu a ɓangaren C++ Python bai sani ba, kana taɓa shi sai RuntimeError.

Na ga darasin PyGTK a YouTube, in bi?

A'a, tsallake shi. Tsohon bayindin GTK ne, a GTK 2 ya tsaya, yanzu PyGObject ake amfani da shi, alamarsa za ka ga import gi a saman kod ɗin.