Wai Dufy bai iya fenti ba ne?

Da yawa in sun ga zanen Raoul Dufy, wani mai zane Bafaranshe, na tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska a Le Havre ko Deauville, garuruwan bakin teku a Faransa, sai su ce ai aikin yara ne, kala ta tsallake layi, shuɗi ya malale kan jirgi da tuta da mutane. To ba kuskure ba ne fa, da gangan yake yi. Mutumin nan ɗan Le Havre ne, 1877 aka haife shi, ya yi makarantar zane a Paris, hannunsa ya faɗa sosai. Shi dai a ganinsa ido kala yake fara kamawa kafin siffa, shi ya sa yake shimfiɗa shuɗin tukuna, sannan ya bi da siririn layi sharr ya fitar da jirgin a kai, igiyar ruwa ma 'yan lanƙwasa kawai.